Shimfiɗa da Abinci: Littafin Aikina na Renon Jijiya a Ngaundere ta Kamaru

9 ga Nuwamba, 2024

Ƙwai sun iso da safen nan, guda 30, a cikin kwali an bi su da ƙaiƙayi. Hajiyar da ke kiwon kajin gida a bayan layinmu ce ta tara mini su cikin kwana huɗu, don ƙwan kajin gona da ake sayarwa a kasuwa zakara bai taka uwarsu ba, ko wata guda suka yi a ɗumi ba abin da zai fito. Da na je karɓa ta ce, "'Yata, ƙyanƙyasa za ki fara?" Na ce, "A'a Hajiya, kwana tara kawai za su yi a inji, sai in buɗe." Ta dube ni jim kaɗan, ta ce Allah ya sa aikin ya amfani mutane. Na ce amin, har cikin zuciyata.

Bari in rubuta dalilin aikin tun a shafin farko, saboda ranar da gajiya za ta zo. Shekara shida ke nan da aka gano ciwon suga a jikin Baba. Bara da sanyi ya taka garwashi a tsakar gida, ya wuce abinsa ya zauna a tabarma, sai Inna ce ta hango tafin ƙafar ya tashi. Bai ji komai ba. Ƙwayar jijiyar da ke ɗauko saƙon zafi daga ƙafa tana zaune ne a wani ɗan ƙulli a gefen ƙashin baya, ta miƙa zare guda tun daga ƙugu har babban yatsa, kusan mita ɗaya a jikin dogon mutum. Ƙwaya ɗaya tal ce ke ciyar da wannan tsawon duka, shi ya sa in suga ya daɗe yana sama, ƙafa ce ke fara mutuwa kafin hannu. Abin da nake so in gani da idona shi ne yadda yawan suga ke taɓa irin waɗannan zaruruwa in an rene su a faranti.

Ba mu da ɗakin kiwon ɓeraye namu, ba mu da ruwan naitirojin na ajiye ƙwayoyi. Ƙwai kuwa akwai, kuma daga ɗan tayin cikinsu zan ciro jijiyar. Masaniyar jijiya Rita Levi-Montalcini ma da ƙwan kaza ta yi aikinta a ɗakin kwananta a Turin ta Italiya lokacin yaƙin duniya na biyu, tana wasa allurar ɗinki ta mayar da ita wuƙar fiɗa.

Malam, mai duba aikina, ya ja mini kunne da rana. Ya ce, "Kafin ki tambayi jijiya abin da suga ke yi mata, sai kin san a kan me take kwance, da abin da take ci. In ba haka ba, amsar farantinki za ki rubuta, ki ce ta jijiya ce." Don haka watannin farko na shimfiɗa ne da abinci. Gobe ƙwai za su shiga inji, a digiri 37 da rabi.

19 ga Nuwamba

Kwana tara cif. Jiya na haska su da tocila a cikin duhu, bakwai bara-gurbi ne, sauran ana ganin jijiyoyin jini sun yi rassa a jikin ɓawon.

Na goge ƙwan farko da barasar asibiti mai kashi 70, na fasa ta gefen da ya fi faɗi, inda iska take. Ɗan tayin bai kai tsawon yatsana ba, ido ya fi komai girma, zuciya tana bugawa. A ma'aunin da Hamburger da Hamilton suka fitar a 1951, wanda ya raba rayuwar ɗan tsako a cikin ƙwai mataki 46, wannan yana wajen mataki na 35. Na yi bisimilla, na cire kan da sauri kamar yadda aka koya mini. Abin ya tsaya mini a rai, kuma ina ganin daidai ne ya tsaya. Na ɗauki alkawari ba zan buɗe ƙwai ko ɗaya ba sai faranti yana shirye yana jiransa.

In aka buɗe ciki aka kawar da kayan, ƙullayen suna bayyana a jere dama da hagu na ƙashin baya, farare, kamar tsakiyar da aka shirya a zare. Na wajen ƙugu sun fi girma, don su ne masu kula da ƙafa. Hannuna ya yi ta rawa, na murƙushe da yawa kafin in gane cewa ba a kama ƙullin kansa, saiwarsa ake kamawa a ɗaga. Kafin la'asar na samu masu kyau da suka cika faranti ɗaya. Farantin nan mai gurbi 24 ne, in kin gan shi sai ki ce tandar waina ce aka yi da roba, kowane gurbi da ɗan zagayayyen gilashi a ƙasansa.

21 ga Nuwamba

Yau na ga abin da na daɗe ina gani a littafi. A gurbin da na sa NGF, sinadarin da ke sa jijiya ta tsiro, nanogiram 50 a kowace mililita, ƙullin ya fitar da zaruruwa ta kowace fuska, kamar hoton rana da yara ke zanawa. A gurbin da ban sa ba, ƙullin ya dunƙule ya yi duhu, sai 'yan ƙwayoyi masu faɗi da suka rarrafo gefe. Wannan da'irar zare ita ce Levi-Montalcini ta gani a Riyo ta Barazil a 1952, kuma kan wannan sinadari ne ita da Stanley Cohen suka karɓi kyautar Nobel a 1986.

Na ƙara ƙarfin madubin duba ƙananan halittu na tsaya a kan bakin zare guda. A ƙarshensa akwai wani abu kamar tafin hannu da 'yan yatsu sirara, suna miƙewa suna komawa, suna lalube. Ramón y Cajal na Sifen ne ya fara bayyana shi a 1890, a jikin ɗan tayin kaza shi ma, amma a mataccen nama ya gan shi. Ni kuwa ga shi yana motsi a gabana. Na kira Baba mai kula da kayan ɗakinmu, wanda ya shekara da shekaru yana wanke kwalabe yana dafa su, na ce ya leƙa. Ya daɗe da ido a madubin, ya ɗago ya ce, "Ikon Allah. Kamar yaɗon kabewa yana neman abin kamawa."

5 ga Disamba

Kalmar Baba mai kula da kaya ita ce ta fi dacewa da aikin wannan makon. Zaren jijiya ba ya tafiya a cikin ruwa tsagwaronsa. Ross Harrison, wanda ya fara renon jijiyar ɗan kwaɗo a ɗigon ruwan jiki da ya daskare a Amurka a 1907, daga baya har saƙar gizo-gizo ya shimfiɗa wa ƙwayoyi don ya nuna sai da abin takawa suke ci gaba.

Shimfiɗa huɗu na gwada. Ta farko gilashi zalla, wanda aka jiƙa a asid aka ɗauraye aka dafa. Ta biyu gilashi da aka shafe da folilaisin, wani sinadari mai aikin gam. Ta uku kolajin, wani furotin na jiki, wanda muka haɗa da hannunmu: mun roƙi wutsiyoyin ɓeraye daga wani ɗakin gwaji da suka gama aikinsu, muka zare fararen jijiyoyin ciki, muka jiƙa su kwana biyu a firji cikin ruwa mai ɗan asid na tsami, muka tace. Ta huɗu folilaisin ne a ƙasa, wani furotin mai suna laminin a samansa.

A kan gilashi zalla, rabin ƙullayen ma ba su zauna ba, da na taɓa farantin sai suka taso suna yawo. Dalilin a fili yake. Fuskar gilashi da fatar ƙwaya cajinsu iri ɗaya ne, suna ture juna. Waɗanda suka zauna, zaruruwansu sun nannaɗe da juna sun zama igiyoyi masu kauri, domin sun fi samun riƙo a jikin 'yan uwansu fiye da ƙasa. Folilaisin cajinsa kishiyar nasu ne, don haka yana riƙe ƙwaya gam. Ƙullayen sun zauna daram, amma zaruruwan gajeru ne, suna lanƙwasa nan da can kamar mai tafiya a taɓo. A kolajin sun fi tsawo, suna tafiya a ɗaure-ɗaure.

Laminin kuwa daban yake. Cikin kwana ɗaya zaruruwan sun bar inda madubi ke iya gani, sirara, miƙaƙƙu, kowanne da hanyarsa. Na zauna na yi ta tunanin bambancin. Folilaisin gam ne kawai, ba ya ce wa ƙwaya komai. Laminin furotin ne na jiki, Rupert Timpl da abokan aikinsa suka ware shi a 1979, kuma bakin zare yana da wasu masu karɓa a fatarsa, intagirin, waɗanda in suka kama laminin sai saƙo ya shiga ciki cewa a ci gaba. A jikin mutum ƙwayoyin Shuwan da ke lulluɓe zaren jijiya su ke shimfiɗa shi, kuma in jijiya ta tsinke, ta cikin wannan shimfiɗar sabon zare ke bi, wajen milimita ɗaya a rana. Ashe ƙarfin riƙo da saurin tafiya ba abu ɗaya ba ne.

Darasi biyu na hannu. Folilaisin da bai kama gilashi ba guba ne, dole a ɗauraye sau uku. Laminin kuma a firji ake barinsa ya narke a hankali, in aka gaggauta da ɗumin hannu sai ya daskare kamar kamu ya ƙi shimfiɗuwa, kuma ba a barinsa ya bushe a gilashi.

18 ga Disamba

Hunturu ya shigo da ƙarfinsa, hazo ya rufe dutsen da ke saman gari. Faranti uku na zubar yau, fumfuna ta yi musu fararen kumbura kamar auduga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma mun gano tsagar: ƙasan tagar da ke bayan teburin aiki. Mun toshe da tsumma da salatif, mun wanke akwatin ɗumi ciki da waje, mun hana shiga da takalmin waje.

Wani abin da bushewar iska ta nuna mini ya fi fumfuna muhimmanci. Gurabun gefen faranti suna rasa ruwa fiye da na tsakiya. In ruwa ya tashi ya bar gishiri, abincin ya yi kauri, zaruruwa su yi ƙulli-ƙulli kamar carbi. Da na duba taswirar farantina na 5 ga wata, sai na ga yawancin gurabun gilashi zalla a gefe na jera su. Ke nan ban yi musu adalci ba. Daga yau gurabun gefe 16 ruwa dafaffe kawai za su ɗauka, gwaji a takwas na tsakiya, kuma da ƙuri'a zan riƙa raba wa kowace shimfiɗa wurinta. Zan sake gwajin tun daga farko.

8 ga Janairu, 2025

Na sake, kuma jerin bai canja ba: laminin a gaba, kolajin na bi, sai folilaisin, gilashi zalla a baya. Hankalina ya kwanta da wannan.

Yanzu abinci. Ruwan renon da muke amfani da shi DMEM ne, wanda Dulbecco ya gyara daga haɗin Harry Eagle a 1959: gishiri iri-iri, amino asid, bitamin, da gulukos, wato suga. Ana sa masa jan launi mai nuna lafiyarsa. In ya yi ɗorawa, tsami ya yi yawa. In ya koma shunayya, ya yi kanwa-kanwa. Ƙwaya tana son sa ja mai haske, ma'aunin pH wajen 7.4. Namu kullum yana karkata zuwa shunayya, ko da akwatin ɗumi yana nuna iskar kabon kashi 5 daidai. Ruwa ba ya tsami banza, haka kuma ba ya rasa tsami banza.

Ni da Malam mun zauna da takarda da biro. DMEM yana ɗauke da giram 3.7 a lita na bakabonet, gishiri mai kanwa-kanwa wanda tsamin iskar kabon ke daidaita shi, kuma wannan adadin da iskar kabon kashi 10 ya dace, ko a bakin teku kashi 5 ya yi masa kaɗan. Sannan ga abin da ban taɓa kawowa a rai ba: Ngaundere tana kan tudun Adamawa, sama da mita 1,000 daga teku. Nauyin iska a nan wajen kilofaskal 89 ne, a Duwala ta bakin teku kuwa 101. Kashi 5 na iskarmu bai kai kashi 5 na tasu ba, sai mun kai kusan 5.7 kafin mu yi daidai da su. Hanyoyin aikin da muke karantawa yawancinsu a biranen da ke kusa da teku aka rubuta su, ba wanda ya ga dalilin faɗa mana mu duba tsayin garinmu. Mun ɗaga zuwa kashi 8, launi ya dawo ja, kuma bakin zaruruwan ya fi buɗewa.

Tsayin nan ya shafi tukunyar da muke dafa kaya ma, don ruwa a nan yana tafasa tun wajen digiri 96. Na roƙi Baba mai kula da kaya ya ƙara minti goma a kowace dahuwa.

27 ga Janairu

Jiya na raka Baba asibiti. A katinsa an rubuta sugansa na safe kafin cin abinci, da giram a lita, yadda ake aunawa a ƙasar nan. Mai lafiya yana tsakanin 0.7 da 1.1. Daga 1.26 zuwa sama ake cewa ciwon suga ne. Yau da safe na ɗauko kwalbar DMEM daga firji, idona ya faɗa kan rubutun jikinta, wanda na karanta sau ba adadi ban taɓa tsayawa a kai ba: gulukos, giram 4.5 a lita.

Na zauna a kujera riƙe da kwalbar. Wata biyu ina renon jijiya a cikin ruwan da in a jinin Baba aka ga irinsa, a ranar za a kwantar da shi. Kuma wannan nake shirin kira "na lafiya", in ƙara suga a kansa in kira "na ciwo". Ba DMEM kaɗai ba ne, Neurobasal da Brewer ya fitar a 1993, wanda aka haɗa musamman don ƙwayoyin jijiya, shi ma gulukos ɗinsa ke nan. An yi haka da dalili, don kada abinci ya ƙare wa ƙwayoyi a faranti kafin a canja ruwa. Ga mai tambaya irin tawa kuwa, wannan ya rushe tushen gwajin.

Na kai wa Malam. Bai ce komai ba sai da ya gama karanta jikin kwalbar, sannan ya ce, "To, yanzu kin fara aikin." Akwai DMEM mai giram 1 a lita, sai dai a yi oda daga kudu, a jira.

12 ga Fabrairu

Jiya hutun ranar matasa ne, ba kowa a ɗaki. Yau na tarar da tulun iskar kabon ya ƙare, gurabu duka sun koma shunayya, ƙwayoyi sun mutu. Ɗagawar da muka yi zuwa kashi 8 ta cinye tulun da wuri, ni kuma ban sake lissafin kwanakinsa ba. Laifina ne. Sabon tulu sai ya biyo jirgin ƙasa na dare daga Yawunde, kuma ba a saka rana ba. Ga ɗaukewar wuta, wadda ko janareta ya tashi sai akwatin ya ɗauki lokaci kafin ya dawo daidai.

A ƙasan firji akwai garin wani ruwan reno mai suna L-15 da aka saya tun kafin in zo. Albert Leibovitz ya haɗa shi a 1963 don a yi reno a iskar ɗaki, ba tare da tulun kabon ba: fosfet da amino asid ne ke riƙe masa tsami maimakon bakabonet. Da na karanta abin da ke cikinsa sai zuciyata ta buga. Babu gulukos a ciki sam, galaktos ne giram 0.9. Ke nan ni ce zan auna gulukos da hannuna in zuba, giram 1 in na so, giram 4.5 in na so. Rashin tulu ya ba ni abin da nake jira daga kudu.

Na narka, na tace, na zuba kaɗan a kwalba na bar ta kwana biyu a ɗumi don in tabbatar ba abin da zai tsiro a ciki. Kwalaben duka na naɗe su da takardar azurfa, saboda hasken ɗaki yana taɓa bitamin ribofilabin ya haifar da sinadarin da ke ƙona ƙwaya.

6 ga Maris

Azumi ya kama. Na mayar da fiɗar ƙwai zuwa bayan asuba, lokacin hannu bai fara rawa ba, ƙura kuma ba ta tashi ba.

Ƙullaye sun karɓi L-15. Saura maganar siram, wato ruwan jinin ɗan tayin saniya da ake ƙarawa kashi 10. Kwalba ɗaya ta fi komai tsada a firjinmu, daga ƙetare take zuwa a cikin ƙanƙara, alhali in kin fita bayan gari garken shanu ne iya ganinki. Wannan yana damuna ƙwarai, kuma ina fatan wata rana a samu masu tace shi a nan Adamawa. Amma ko da arha ne, yana da aibi biyu. Ba wanda ya san duk abin da ke cikinsa, kowace kwalba da halinta. Sannan yana ciyar da ƙwayoyi masu faɗi, faibirobilas, su yi ta rabuwa har su rufe gilashin kamar ciyawa a gonar da ba a nome ba, zaruruwa su hau kansu. In haka ta faru, jijiya ba a kan shimfiɗata take tafiya ba, a kan bayan wasu take.

Don haka na gwada haɗin N2 na Bottenstein da Sato na 1979, abu biyar kacal a madadin siram: insulin, tiransifarin, furojestaron, futiresin da seleniyam. Masu faɗin sun ragu sosai. Zaruruwan sun fi sirantaka kuma ba sa son wargi, in na zuƙe ruwan gurbi duka sai su ɓalle, don haka rabi nake cirewa in zuba rabi a hankali ta jikin bango.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wannan. A cikin siram, folilaisin yana ɗan taɓuka abu, zaruruwa suna fita ko da ba su yi nisa ba. Da na cire siram, sai tazarar da ke tsakaninsa da laminin ta buɗe ƙwarai. Siram yana ɗauke da furotin masu manne wa gilashi, faibironektin da bitironektin, suna sauka su kwanta a kan folilaisin tun kafin ƙwaya ta taɓa shi. Wato abincin da kansa yana yin shimfiɗa. A Disamba na ɗauka abu biyu nake gwadawa ɗaya bayan ɗaya, ashe tun ranar farko a cakuɗe suke. Teburin sakamakona na Janairu na sake masa suna: shimfiɗa huɗu a cikin siram, a gulukos 4.5.

Na kuma ja layi a ƙarƙashin insulin. N2 yana da maikirogiram 5 a mililita, ya ninka na jinin mutum sau dubbai. L-15 kuma yana da fairubet da yawa, wanda ke kare ƙwaya daga irin ƙunar da ake zargin suga da haddasawa. Duk wanda zai karanta sakamakona dole in faɗa masa waɗannan biyun a sarari.

24 ga Maris

Gwajin suga na farko ya kammala. Laminin a ƙasa, L-15 da N2 da NGF a sama, kashi uku: gulukos giram 1, gulukos giram 4.5, sai na uku mai giram 1 da aka cika da manitol har kaurinsa ya yi daidai da na biyu. Manitol suga ne da ƙwaya ba ta ci. In shi ma ya rage tsawon zare, to kaurin ruwa ne ya yi aikin, ba gulukos ba.

Hotuna da wayata nake ɗauka ta bakin madubi, in auna da manhajar Fiji, wadda kyauta ce, ma'aunina kuma layukan gilashin ƙirga ƙwayoyin jini. Abokiyar karatuna ce ke sauya wa hotunan suna zuwa lambobi ta ɓoye takardar, don na san zuciyata tana son ganin suga ya yi ɓarna, kuma ido yana bin zuciya. Da muka buɗe takardar, bayan awa 48 ban ga bambancin da zan iya rantsuwa a kansa ba. Ƙullaye a kashi ɗaya ma sun bambanta da juna fiye da yadda kashi ya bambanta da kashi.

Raina ya ɗan sosu. Malam ya zaunar da ni ya ce in tuna abu biyu. Sugan jinin babbar kaza ya kai ninki biyu na mutum kuma lafiyarta ƙalau, don haka jijiyar tsuntsu ba lallai ta ji giram 4.5 yadda tamu za ta ji ba. Na biyu, ƙafar Baba shekaru ta ɗauka kafin ta mutu, ni kuma kwana biyu na ba ƙwayar ɗan tayi mai ƙarfin girma. "Ki rubuta abin da kika gani," in ji shi, "haka yake, kada ki ƙara kada ki rage." Na rubuta.

15 ga Afrilu

Ruwan farko ya sauka, ƙura ta kwanta, sabon tulun kabon ma ya iso, amma zan zauna a kan L-15.

Tun bayan salla nake juya maganar shekaru da kwana biyu. Suga yana ɓarna ta cikin ƙwaya, inda wani furotin mai sarrafa sinadarai, inzayim, ke mayar da gulukos wani sinadari mai suna sobitol ya taru. Amma yana yi ta waje ma. In furotin ya daɗe a cikin suga, sugan yana manne masa ba tare da taimakon komai ba, irin abin da ke sa bayan burodi ya yi ja a tanda, sai dai a jiki a hankali yake faruwa. Furotin da suka fi daɗewa ba a sabunta su ba su ne suka fi shan wannan, kuma laminin da kolajin na shimfiɗar jijiya suna cikinsu. Tun 1993 aka buga cewa laminin da suga ya manne wa ba ya jan zare kamar lafiyayye. Ƙwayar ɗan tsako ba za ta iya jira mini shekaru ba, amma shimfiɗa tana iya jira makonni ba tare da ƙwaya a kanta ba.

Yau na shafe gilasai 24 da folilaisin da laminin. Takwas sun shiga ruwan gishiri mai gulukos da yawa, takwas mai manitol, takwas ruwan gishiri zalla, don laminin da kansa yana iya lalacewa in ya daɗe a ɗumi kuma dole in san iyakar wannan. Na rufe bakin farantan da kyau saboda fumfunar damina. Za su yi kwana 14 a digiri 37, ranar 29 ga wata in ɗauraye su sosai, in ɗora ƙullaye a kai, dukkansu a abinci ɗaya mai giram 1. Ke nan ƙwai su shiga inji ranar 20.

Da yamma na biya wajen Hajiya na ba da saƙon guda 20, ta ce kajin sun fara sakewa da zuwan ruwa, za a samu. Da na isa gida na tarar Baba a zaure, na ɗebo ruwa na taɓa da gwiwar hannuna don in ji ɗuminsa, na wanke masa ƙafa, na duba tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya da tocilar da nake haska ƙwai. Akwai 'yar tsaga a diddigen hagu, ba ta yi ja ba. Na shafa mata man kaɗanya, na ce gobe kafin in tafi ɗakin gwaji zan sake dubawa.